Jan Farce a Cikin Kwamfuta

Omdurman

Yaya Ilyasu,

Assalamu alaikum. Ya Jidda, ya ciwon bayan? Mu lafiya, wuta ma ta fara dawowa unguwarmu. Maigidana Abdulmun'im ya sayo min tsohuwar kwamfuta in riƙa buga wa mutane takardu a kasuwar Suk al-Shabi. Babu komai a cikinta, sai an ɗora mata manhaja. In na sa faifan manhajar, takan fara karantawa, sai allon ya yi shuɗi ta mutu, ta sake tashi. Kai ne gwanin gidanmu, ka taimaka.

Ƙanwarki,
Suhaila

Jidda

Suhaila,

Wa alaikumus salam. Gwani ke nan da yake share shagon wani. Tun da mijinki, wanda na bar wa makullin gidana na Bahri, ya rubuto cewa masu wasoso ba su bar ko cokali ba, ban sake taɓa cikin kwamfuta ba. Amma ki ji. Ki goge faifan, ki gwada wani. In ta sake, ki cire wuta, ki buɗe murfin gefe, ki hure ƙura. Za ki ga 'yan sanduna biyu a tsaye, su ne ram. Ki faɗa min duk abin da kika gani.

Yayanki

Omdurman

Yaya,

Bayan gaisuwa, faifai uku na gwada, duk ɗaya. Na buɗe. Fankar ciki an ɗaure ta da koriyar waya, sanda ɗaya kuma an ɗiga mata jan farce. Wallahi har na yi dariya, ko kwamfutar amarya ce?

Suhaila

Jidda

Suhaila,

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ki cire sandar mai jan farce, kwamfutar za ta tashi. Sandar lalatacciya ce. Ni na ɗiga mata jan farcen matata Malak don kar in manta in canza ta, kafin yaƙi ya kore mu. Koriyar wayar ma ɗaurina ne. Wannan kwamfutar daga ɗakina ta fito.

Ban ce mijinki ɓarawo ne ba. Kayan wasoso sun cika kasuwanni, mutum yakan sayi nasa bai sani ba. Amma ya sha zama a gabanta yana shan shayina. Ki tambaye shi a wane shago ya saya, ki dubi fuskarsa. In ya faɗa, khalas, shi ke nan, na yarda.

Allah ya tsare ki,
Ilyasu

Omdurman

Yaya,

Na cire sandar, ta tashi, manhajar ta hau lafiya. Ban tambaye shi ba. Da ya fita masallaci na ɗauki makullin ɗakin baya, wanda ya ce kayan abokinsa ne a ciki. Keken ɗinkin Malak yana nan. Firjinku yana nan, da hoton Mama har yanzu a manne a ƙofarsa. Me zan yi?

Jidda

Suhaila,

Kwamfutar taki ce, ki ci abinci da ita. Ban faɗa wa Malak ba tukuna. Hoton Mama kawai za ki ɓamɓaro min, ki yi a gaban mijinki.

Ilyasu