Takardar Saje Mati

Goggo Hannatu, don Allah ki agaza mini kafin ranar Alhamis.

Bara na gama jami'a, wata biyar ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gagarawa. Na ce wa ɗalibaina kowa ya zaɓi mutum ɗaya daga Yaƙin Duniya na Biyu ya yi bincike da kansa, kuma kome ya rubuta ya kawo shaida. Yawancinsu sun ɗauko manyan shugabanni daga littafi. Rabi'atu, yarinya mai ƙoƙari, ta zaɓi mahaifin kakarta, wanda duk unguwarsu ke kira Saje Mati, ana cewa shi ya jagoranci sojoji a ƙasar Bama. Kakar, Iya Larai, tana ajiye da takardar sallamarsa a ƙasan adaka, ba ta bari a taɓa, amma ta yarda aka ɗauki hoto. Tawadar ta koɗe, sai da na karanta sau huɗu. Ya shiga a 1943, ya fito a 1946, kuma ɗan dako ne, ba saje ba. Iya ta ce akwai wuri a tsakar kansa da gashi bai sake fitowa ba, wai hular ƙarfe ce ta ci. Ranar Alhamis yara za su karanta aikinsu gaban iyaye, Iya har ta ba da ɗinki. Ni na kafa dokar shaida. In na yi shiru na karya ta, in na yi magana na karya tsohuwa. Rabi'atu ba ta sani ba tukuna.

Malama mai fargaba, Gagarawa

'Yata, kwantar da hankalinki. Kina da gaskiya, ba a koyar da tarihi da rufa-rufa. Amma Iya ma ba ƙarya ta yi ba. A garuruwanmu, wanda ya dawo da kaki sau da yawa Saje ake ce masa, girmamawa ce ta gari. Bar masa sunansa.

Kira Rabi'atu gobe, ku biyu kawai, ku karanta takardar tare. Daga nan ki tura ta ta binciko aikin 'yan dako a wannan yaƙi. Za ta tarar daji ne da mota ba ta ratsawa, a ka aka kai abinci da harsashi, a kafaɗa aka fito da masu rauni. Ta rubuta abin da takarda ta ce, da abin da gida ya ce, kowanne da sunan mai shi.

Kafin Alhamis ku je ku gaida Iya da goronki. Kada ki je gyara, ki je tambaya, don kada ta fara jin maganar a cikin taro. Ina kyautata zaton ba za ta yi mamaki ba. Matar da ta tashi tana ɗaukar tulu ta san tabon gammo in ta gan shi.

Allah ya jiƙan Saje Mati, ya sa ki ji daɗin aikinki.

Goggo Hannatu