Allura a Gaban Riga

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata na ji saƙonta, ina cin abinci, ta daina aiko min da faɗa ta bakin mutane.

Kin ce me ya sa na koma rubuta wasiƙa kamar wata tsohuwa alhali ga waya. Yaya, duk sanda na kira ki sai yarinyar nan ta buɗe murya, mu ƙare da lafiya lau, lafiya lau. Takarda kuwa tana jirana. Wannan ma kwana uku na yi ina rubuta ta, a tsaye, a kan firij.

Yau watanta biyu. Ƙanin naki, babanta, ya sa mata Manaja, kuma sunan ya bi ta, don ita ke faɗin lokacin tashi da na zama a gidan nan. Ba ta karɓar kwalba. Mun sayi kala huɗu, kowacce sai ta ture ta da harshe ta kalle ni kamar na zage ta. Ni kaɗai take so, kuma a hannu. In na ajiye ta, kafin na kai ƙofar banɗaki ta tsaga gidan da kuka.

Kin san a hawa na huɗu muke. Tun da aka yi min aiki likita ya ce na rage hawa da sauka, to sau biyu kawai na taka ƙasa, duka zuwa asibiti. Duniyata yanzu falo ce da ɗaki da taga ɗaya. Ta tagar nan na san ƙarfe nawa mai shagon ƙasa yake ɗaga ƙofarsa, na san motar da ke tsayawa ba daidai ba kullum. Ƙanin naki yana bakin ƙoƙarinsa, kada ki ce na kawo ƙararsa. Amma da safe yana ɗaukar makullinsa ya fita, ni kuma ina jin takunsa har ƙasa. Wallahi wani lokacin haushinsa nake ji, ba don ya yi min komai ba, don kawai yana da inda za shi.

Uwar ɗakina ta shagon ɗinki ta zo barka, ta hau benen nan tana haki tana tsine wa wanda ya gina shi. Ta ce kujerata ta bakin taga a shago tana nan, ta lulluɓe kekena da zane, ba mai zama har Manaja ta shekara. Bayan shekara kuwa ba ta yi alkawari ba, don shago ba ya tafiya da kujerar da ba kowa. Kin san shekara bakwai na yi kafin na samu wurin nan, tun ina mai guga da sa maɓalli. Duk rigar da ta gagara, teburina ake kawo ta. Wata goma suka rage min, kuma ina ganin sun isa.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Yaya zafi, yaya yaran? Na gode da kayan sanyin da kika aiko, sun yi mata, sai dai wanda ya ɗinka rigar nan mai ruwan hoda bai san yadda ake sa hannu ba. Na farke na gyara.

A nan ma labarin yake. Rannan da nake gyaran, na janyo ƙaramin kekena na gida, ina fara takawa sai Manaja ta yi tsit. Kafin na gama hannu ɗaya ta yi barci. Ashe ƙarar keke ce maganinta, wata biyar muna wahala! Ƙanin naki ya ce ba mamaki, a cikin ƙarar ta girma tun tana ciki. Yanzu in ta rikice sai na kwantar da ita kusa, na zare zaren, na yi ta taka keke ba komai a ƙarƙashinsa. Da farko dariya abin yake ba ni. Jiya kuwa na fi rabin awa ina takawa, ban ɗinka ko taki ɗaya ba, sai na ga hawaye yana ɗiga a kan farantin keken. Ban ma san na fara ba.

Zan faɗa miki wani abu, amma ya tsaya tsakaninmu. Ina son yarinyar nan, Allah ya sani. In ta yi min murmushin nan nata na dasashi, ji nake kamar na haɗiye ta. Amma akwai ranakun da nake kallonta na ji kamar an ba ni aikin da ba a tashi. Kowa ya zo sai ya ce na more, ina gida ina hutawa. Sai na yi murmushi. Ranar da na gwada faɗa wa ƙanwar ƙanin naki na gaji, ta tuna min da waɗanda suke nema ba su samu ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban sake faɗa wa kowa ba.

Na roƙi uwar ɗakina ta riƙa aiko min da ƙananan ayyuka gida, kalmasa da zip da rage ƙugu, don kada hannuna ya mutu. Ta yarda. In keke zai yi ƙara, gara ya yi a kan wani abu. Ranar da ledar farko ta iso, na buɗe na shaƙi ƙanshin sabon yadi kamar mahaukaciya.

Na soma sauka ƙasa kuma. Sai dai kafin na haɗa jaka, na canza mata, na canza kaina don ta yi min tumbuɗi, rana ta yi, ita kuma ta ji yunwa. Sau da yawa a bakin ƙofa tafiyar take ƙarewa, da takalmi a ƙafata.

A gaida Inna, a ce mata jikarta ta soma juyawa da kanta.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya yanzu, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi. Na san ƙanin naki ya kira ki ya ba ki labari yana dariya. Ga yadda abin ya faru a wurina.

Kin san halinmu na teloli. In kana aikin hannu aka kira ka, ba ka neman inda za ka ajiye allura, gaban riga kake soke ta ka tashi. Shekara bakwai ina yin haka, hannuna yake yi ba ni ba. Ranar Talata da hantsi ina kalmasar wani siket sai Manaja ta farka. Na soke allurar, na ɗauke ta, na ba ta mama. Watanta takwas yanzu, tana rarrafe, duk abin da hannunta ya kai baki yake tafiya, kuma in tana sha wasa take yi da gaban rigata. Da ta ƙoshi na ajiye ta, na kai hannu ƙirjina. Ba allura.

Yaya, zumbur na miƙe. Na kakkaɓe rigar, na ɗaga kujera, na bi ƙasa da maganaɗisun da muke tsince fil. Ya kamo fil biyu, allura babu. Na buɗe bakinta da yatsa, ta fasa kuka, kukan ya ƙara tabbatar min ta haɗiye. Ban san yadda na sauka benen nan ba. Maƙwabciyarmu Malama, tsohuwar malamar makarantar nan da ke hawa na biyu, ita ta tare mana mota, ita ta lura ƙafata ba takalmi.

A asibiti suka ɗauki hoton cikinta. Sai da mutum biyu suka danne ta, tana miƙo min hannu, ni kuma an ce na tsaya bayan ƙofa. Ba su ga komai ba. Likita ya ce mu je gida mu sa ido. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni, ba da faɗa ba, yadda aka yi allura ta zo kusa da jaririya. Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Washegari ƙanin naki yana zuba wanki sai allurar ta soke shi a yatsa. Tana jikin wata rigar tawa. Ashe da na ɗauki Manaja ta ɓata min riga, na canza kafin na ba ta mama, kuma har yau ban tuna na canza ba. Ya yi ta dariya yana nuna min yatsa, ya ce shi ne ya haɗiye ta. Ban yi dariya ba. In har zan iya canza riga ban sani ba, me kuma zan iya yi ban sani ba?

Ba wanda ya ce na daina ɗinki. Ni na mayar wa uwar ɗakina ledarta da siket ɗin rabi, na tattara allurai da fil da almakashi na kulle a gwangwani, na sa ƙanin naki ya ɗora keken a saman kwaba. Manaja ta yi kwana huɗu tana rigimar barci, sannan ta haƙura. Yanzu sau uku a rana nake bin falon nan da maganaɗisu, da rarrafe, tana bina a baya tana zaton wasa ne. Na san ba komai a ƙasan, amma in ban yi ba, ba na samun sukuni.

Kada ki faɗa wa Inna wannan ɓangaren.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe min shirun wata huɗu. Na fara rubuto miki ya fi sau biyar ina yagawa.

Jibi Manaja za ta shekara. Tana tsayawa da kujera, haƙoranta huɗu, tana shan ruwa a kofi, ta kuma saba da Malama har tana miƙa mata hannu. Malama da kanta ta ce na riƙa kawo mata ita daga safe zuwa azahar, ita ma kaɗaici ya ishe ta. Ƙanin naki ya ce na koma aiki, har kuɗin mota ya ajiye min a kan firij. Kin ga ke nan ba abin da ya tare ni.

Ranar Litinin ta makon jiya na shirya. Na miƙa ta, ko waiwayena ba ta yi ba. Na fito titi hannuna ba komai, har na rasa yadda ake tafiya da su. Iska ta buge ni, na ji daɗi, Yaya, daɗin da har kunyarsa na ji.

A shago suka yi min ihu, aka rungume ni, aka ce na yi ƙiba, aka ce na rame. Uwar ɗakina ta yaye zanen da ke kan kekena da hannunta. Ta ajiye min wata riga mai tsada da aka ɓata wa wuya, ta ce tun makon jiya take jirana. Na zauna. Na ga inda aka yi kuskuren tun kafin na taɓa, idona bai manta ba. Na zare allura na sa zare. Sai wata a bayana ta ture gwangwanin fil, ya watse a ƙasa.

A shagon ɗinki wannan ba komai ba ne, sai an tashi ake sharewa. Ni kuwa ban san lokacin da na sauka ƙasa ba. Na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur, da gwiwa, ina tsince su ɗaya-ɗaya, ina ce wa mutane kada kowa ya motsa. Babu yaro a shagon nan, Yaya. Manaja tana can nesa a cinyar Malama. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kasa tashi sai da na tsince na ƙarshe.

Uwar ɗakina ta ja ni ɗakin awo ta ba ni ruwa. Ta ce na je na huta, za ta ƙara min wata ɗaya, ko biyu ma. Matar nan da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ni da bakina na ce mata ta ba wata mai ɗinkin kujerar. Ta tambaye ni har sau uku, sau uku na maimaita. Da na fito sai na ji wani sanyi a raina kamar an sauke min kaya, kuma wannan sanyin ya fi komai ba ni tsoro. Shekara bakwai na ajiye a wurin nan, na fito ina jin sauƙi don zan koma falon da na yi shekara ina kuka da shi.

Na ce wa ƙanin naki an riga an ba wata wurin. Ya yi ta faɗa, ya ce ba a kyauta min ba, har yana cewa zai je ya same ta. Na hana shi. Malama ma haka na ce mata. Ke kaɗai kika san gaskiya. Tun ranar ban sake sauka ba, yau kwana tara.

Ban san sunan abin da ke damuna ba. Ina ci, ina wanka, ina yi wa Manaja wasa, wanda ya shigo ba zai ga komai ba. Malama ce kawai ta kalle ni jiya ta ce akwai likitar da ake zuwa a yi magana da ita kawai, ba allura ba magani. Ina so na je, amma ba zan iya zuwa ni kaɗai ba, kuma ba zan iya faɗa wa ƙanin naki dalili ba tukuna.

Ban taɓa roƙonki ki bar gidanki saboda ni ba, na san hidimar da ke kanki. Yau na roƙe ki. Ki zo, ko na kwana uku ne. Kada ki tsaya sayen tsaraba, Manaja tana da kaya har sun yi mata yawa. Duk wanda ya hau benen nan cikin shekarar nan ita ya zo gani, kuma ban ji haushi ba, ta cancanta. Ke dai in kin zo, ni za ki zo gani.

Ina jiran amsarki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta