An Yi wa Zulai Aure

Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Amma bakina ya saba kawo maka rahoto, kuma labarin da nake ɗauke da shi ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai.

Mutanen gida lafiya lau. Kangire tana nan yadda ka bar ta, damina ta yi albarka, gero har ya fitar da kai. Ƙaninka Idi yana nan da tsokanarsa, ko rasuwarka ba ta rage masa baki ba. Ciyawar kiri-kirin nan da ka dasa a ƙofar turakarka, wadda mutane ke yi maka dariya wai kana ba ciyawa ruwa ba don awaki ba, gara ta so cinye ta da rani. Na bi ta da toka ina yayyafa mata ruwan alwala, yanzu ta yi kore shar, sai da na sa lauje na rage mata tsawo.

Sai maganar Zulai. Ba ni ba, bishiyarka. Malam, tana mutuwa.

Ka tuna shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ba mu Jigawa, aka dawo da kai gandun renon itatuwa na Birnin Kudu? A lokacin ne abokin aikinka Malam Bitrus, mutumin Filato, ya zo maka da ɗan reshen mangwaro daga garinsu, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ka yi masa aure da dashen mangwaron gida a garkar bayan gidanmu, ni ina riƙe maka ledar ɗauri. Da ta fara 'ya'ya, duk wanda ya sha sai ya tambayi sunan irin, don ba zare, ga zaƙi, ƙwallon kuma ɗan siriri. Kai kuwa ka ce sunanta Zulai. Malam Bitrus ya koma gida tun tuni, ba mu san inda yake ba. Duk ƙasar nan, daga nan har Gwaram, babu wata irinta.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Tun da aka kawo ni gidanka daga Sara, kunya ba ta bar ka ka kira sunana ba, sai dai ka ce ke, ko ka yi gyaran murya. Amma da bishiyar nan ta samu suna, wuni kake yi kana ambatonsa. Zulai ta yi fure, Zulai na jin ƙishirwa, kada wanda ya jefi Zulai. Kana tsammanin ban gane ba? Ina madafa ina jin ka, ina murmushi ni kaɗai kamar wata yarinya. Na ji daɗi, Malam, wallahi na ji daɗi, kuma na so ka fiye da yadda fuskata ta taɓa nuna maka.

Ka tafi tana cikin fure. Ina takaba ban leƙa garka sosai ba, da na fita kuwa bazara ta kankama, sai na tarar 'ya'yan ba su kai rabin na bara ba. Na yi duk abin da na ga kana yi. Na tsince waɗanda suka faɗo masu tsutsa na binne su da zurfi. Na sa Idi ya hau ya sare kaucin da ya kama reshen yamma, yana sarewa yana mita wai masu magani za su so shi. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga, da ke sa ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya, na wanke su da ruwan ganyen darbejiya da sabulu. Bayan an gama shan 'ya'ya na sa an yi mata aski, na shafe gindin da farar ƙasa saboda gara. Amma duk da haka ƙaro ya rinƙa tsatsafowa daga jikinta, rassa suna bushewa daga sama suna gangarowa, ga wani gari kamar dusa a gindi.

Na aika aka kira malamin gona. Yaro ne mai ladabi, ya ce ma ka taɓa koya musu aiki. Ya ɓantare ɓawon ya nuna mini cikin, ya yi baƙi. Ya ce ciwon ya shiga jijiya, ba shi da magani, kuma idan aka bar ta za ta shafa wa lemo da sauran mangwaron. Sai dai a sare a ƙone. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗebi ido, wato 'yan rassa masu shirin toho, daga reshen da ke da lafiya a yi aure tun ruwa bai ɗauke ba, in ba haka ba irin ya tafi ke nan. Reshen gabas ne kaɗai bai kamu ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

To, a nan ne abin dariya ya faru, kuma da kana nan da sai ka riƙe ciki. Na kira Idi tsakar gida na ce masa ya nemo mini ɗan gida mai ƙwari, kada ya zama tsoho kada kuma ya cika ƙuruciya, don so nake a yi wa Zulai aure kafin damina ta wuce. Ashe Inna Tabawa dillaliya tana zaune a bakin ɗakin matarsa da ƙullin atamfofinta, kunne a buɗe. Ita kuwa ina ta san wata Zulai in ba ni ba? Kafin kasuwa ta ci ta watse, magana ta kai Sara. Shi kuma Idi, ɗan banzan tsokana, duk wanda ya tambaye shi sai ya ɗaure fuska ya ce ƙwarai kuwa, da bakina na faɗa, kuma shi ne waliyyi.

Sai ga Yaya Musa a kan mashin, ko sallama bai gama ba ya hau ni da faɗa, wai ina da dangi amma sai a bakin dillaliya zai ji ƙanwarsa na neman miji. Kafin in rufe baki, Alhaji Ɗanlami mai injin niƙa ya aiko da goro da turare! Kai, Malam! Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Na ja Yaya har garka na nuna masa angwayen, 'yan dashen mangwaron da Idi ya samo, a jere cikin baƙaƙen ledoji, kowanne kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba. Ya tsaya ya dube su, ya dube ni, sai ya zauna a kan kututture yana dariya har da hawaye. Ni ma na yi, kuma ita ce dariyata ta farko tun da aka fita da kai. Goron Alhaji dai an mayar masa da godiya.

Wa zai ɗaura auren kuma? Idi bai iya ba, hannunsa na garma ne. Malamin gona an tura shi wani wuri. Sai na ɗauko wuƙarka daga aljihun rigar aikinka, na wasa ta. Na yanko 'yan rassa masu kumburarren ido daga gabas, na fiƙe gindinsu gefe biyu, na tsaga kan dashen na cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, na naɗe da leda tamau don kada ruwa ya shiga. Ban san na iya ba. Ashe duk shekarun da nake riƙe maka leda ina jin hirarka, idona yana koyo.

Na farkon duk suka mutu. Da na kwance ledar sai in ga sun yi baƙi sun ƙeƙashe. Ko ɗaurin ne ban yi daidai ba, ko rana ce ta yi musu yawa, oho. Na sake, na yi musu rumfar zana, suka sake mutuwa. Reshen gabas kuwa kullum raguwa yake, ga ƙaro ya fara bayyana a gindinsa. Da na je ɗiba ta ƙarshe, da ƙyar na samu masu lafiyar da za su cika tafin hannu. Na tsuguna na yi bisimilla, na ce ya Allah ka san ba mangwaro kawai nake roƙo ba. Daga nan kullum da safe sai na je na duba, in dawo ba labari. Ka san yadda zuciyata take, har na fara cewa kaina shi ke nan.

Shekaranjiya bayan ruwan safe na leƙa, sai ga toho. Ɗaya daga cikinsu ya fasa leda, ya fito da 'yan ganye jajaye masu taushi kamar kunnen jariri. Malam, aure ya kama! Na zauna a ƙasa cikin taɓo na yi ta kuka, har matar Idi ta fito a guje tana zaton maciji ne ya sare ni. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma na faɗa wa kowa a gidan nan cewa wanda ya taɓa shi, ni da shi ne.

Ran Asabar Idi zai zo da gatari a sare uwar. Ya ce in tafi Sara in wuni don kada in gani, na ce ba inda za ni. Ina nan aka dasa ta, ina nan za a kwantar da ita. Ka yafe mini, na yi iyakar ƙoƙarina a kanta.

Ƙaramar kuwa sai ta yi 'yan shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ga gwiwoyina sun fara ba ni labari. Idan ta yi ina raye, zan sha na farko in sake rubuto maka ko zaƙin na nan. In kuma na riga ta, to ba sai na wahalar da alƙalami ba, zan zo in faɗa maka da bakina inda na bar ta.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Sai mun iso.

Ni ce matarka,
daga Kangire.