Hannunka da Aka Ɗaga a Majalisa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare mana ku a inda kuke, ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda.

Amma Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Majalisar ƙauye ta zauna ta kafa doka cewa ba a ƙara ajiye ƙudan zuma a cikin gari, duk amyar da ba a sauke ba kafin zama na gaba za a ƙone ta. Wai don sun harbi mai shago a leɓe, shi da ya je ya cinna wa shara wuta a gindin bishiyar Baba. Ka san a garin nan Baba kaɗai ke da amya, kuma ƙarfin kai su daji ya ƙare masa. Su ne hirarsa, su ne abin da ke tashinsa da safe.

Da hannu ɗaya aka rinjaye mu, kuma hannun naka ne. Da za ka tafi ka ƙi sakin kujerarka, ka bar wa mahauci amana, wai duk inda ya ɗaga hannu nan ka ɗaga. To, ya ɗaga biyu, nasa da naka, kamar mai shanya. Na same shi a rumfarsa, ko kunya babu ya ce min shi cika umarni ya yi. Haba Yaya. Majalisar nan don mu yanke wa kanmu hukunci aka yi ta, mu da muke shan ruwan garin, ba don kujera ta riƙa ƙona gidan mai ita daga nesa ba.

An ce wanda aka yi wa wakilci kaɗai ke iya janye hannunsa, kuma sai ya zo da ƙafarsa. Don haka ka zo. Baba ya tambaye ni su wa suka goyi bayan dokar, na lissafa masa kowa ban da kai. Har yanzu yana sa maka albarka bayan kowace salla. In aka kunna wutar nan ba ka zo ba, wallahi zan cika masa lissafin.

Ka gaida min matarka da yara, da Kawu idan kun haɗu. Inna da Auta suna gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka.