Ni na ce ta amsa masa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Kwana shida ke nan ina yi wa kaina tambaya ɗaya ban samu amsa ba: ta ina mutum yake shigowa gida, ƙofar zaure a rufe, matar gida tana zaune a tsakar gida ido biyu?

Ni tsohuwa ce a cikin garin Daura, ban yi boko ba, ko sunana ba na ganewa a takarda. Maƙwabciyata ce take rubuta muku, malamar firamare ce, ina faɗa tana dannawa. Maigidana Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa, shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ina cikin takaba, saura kwana ashirin da uku in fita. Gidan daga ni sai jikata, zan kira ta Ummi, shekararta goma sha biyu. 'Yar babban ɗana ce da yake zaune a Dutsi, tun da aka kawo mana ita yaye ba ta koma ba.

Malam dillalin tumaki ne, kasuwar Mai'adua yake ci. Ya bar waya irin wadda ake shafawa. Bayan sadakar bakwai Ummi ta ce min akwai muryarsa a ciki, saƙonnin da yake tura wa abokan ciniki. Ta san yadda ake buɗe ta don ita take kai masa caji shago. Ta kunna min, sai ga shi yana cewa a ɗaure masa ragon nan mai baƙin kunne, har da ɗan tarin nan nasa. Hawaye suna zuba ban ma san suna zuba ba sai da zanena ya jiƙe. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ta kunna min, ni kuma na bar wayar a hannunta, in an kira ta amsa, in ta'aziyya ce ta miƙo min. Wayar da ta fara riƙewa ke nan a rayuwarta.

Wata rana saƙon murya ya shigo daga wata lamba. Muryar magidanci ce, ya yi ta'aziyya mai kyau, ya ce shi abokin Malam ne na kara, kasuwar dabbobi. Ummi ta ce Kaka lambar ba ta da suna, a ƙyale shi. Ni na yi mata faɗa. Na ce a gidan nan ba a taɓa koya wa yaro ya ƙyale gaisuwar babba ba, maza ta amsa masa ta yi godiya. Ta amsa. Ya tambaye ta wace ce, ta ce jikar Malam ce, sai ya ce a'a, ashe amaryata ce, Malam ya tafi ya bar min gado. Na yi dariya, dariyata ta farko ke nan tun rasuwar. Ai abokin kaka kaka ne, shi kansa Malam amarya yake ce mata, ni ya ce da ni tsohuwar gida. Wasan jika da kaka ne da muka taso muka tarar, ban ji komai a raina ba. Daga nan ban ƙara tambayar ta da wa take magana ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Malama maƙwabciyar tawa ta shigo aron rariya, ta tarar da Ummi sanye da hijabin Islamiyya a jikin bango tana ɗaukar kanta hoto, alhali ranar babu makaranta. Ta karɓi wayar ta duba, sai ta zauna a bakin tabarmata ta fara karanta min. Ashe tun makon farko mutumin nan ya tambayi Ummi ko na iya karatu, da ta ce a'a sai ya daina tura murya ya koma rubutu. Ya tambayi sunan Islamiyyarsu, da lokacin da ake tashi, da lungun da take bi, da ko akwai namiji da yake kwana a gidan. Duk ta ba shi amsa, cikin ladabi, kowane saƙo da sallama a farkonsa. Ta tura masa hotonta uku. Ya ce kada ta faɗa min, mai takaba ba a ɗaga mata hankali, zai zo a mashin ya kawo mata waya tata ta kanta. Malama ta kira abokan Malam biyu na kara, babu wanda ya san lambar ko sunan da ya bayar. Ta kira lambar, yana jin muryar babba ya kashe, har yau ba ta ƙara shiga ba.

Ban daki Ummi ba. Ban ma ji ƙarfin yin faɗa ba. Na tambaye ta me ya sa, ta ce Kaka ke kika ce in amsa masa. Tun ranar ba ta je Islamiyya ba, na aika cewa ba ta da lafiya. Jiya tana wanke-wanke ta tambaye ni ko zunubi ta yi, na ce a'a, sai ta ce to me ya sa aka hana ta fita. Wayar tana cikin kwallata a kashe, kwana shida ban ji muryar Malam ba.

Mun ɗan samu saɓani da Malama. Ita ta ce a faɗa wa uban yarinyar yau, a faɗa wa mai unguwa a kai maganar hukuma. Na ce a bari in fita takaba, ta ce mutumin nan ba zai jira takabata ba, ya san lungun, ya san fuskarta. Na san gaskiya ta faɗa. Amma ɗana tun sadakar arba'in yake cewa a mayar masa da Ummi tun da babu namiji a gidan, ni nake roƙonsa. In ya ji wannan, ranar zai zo ya ɗauke ta, kuma na san zuciyarsa, ba lallai ya tsaya jin wa ya ce ta amsa ba kafin ya ɗaga hannu. Ni kuma gidan zai koma daga ni sai turken tumaki babu komai a jikinsa.

Ko ta koma Dutsi, can ma akwai wayoyi. Na koya mata kada ta leƙa rijiya, kada ta karɓi alawa a hannun baƙo, kada magariba ta same ta a waje. Wannan ban san me ake cewa ba, ni da nake ganin rubutun kamar tafiyar tururuwa. Ku da kuka sani, me kuke faɗa wa 'ya'yanku ranar da kuka fara ba su waya? Yaya zan ce mata wani babban ba a amsa masa, bayan shekara goma sha biyu ina ce mata a amsa? In kira ubanta yau in ce laifina ne, ya ɗauke ta? Ko akwai yadda za a tsare ta tana hannuna?

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba, ko Malama yanzu take ji. Ranar da Malam ya rasu ya yi alwala zai fita azahar, a hanyar masallaci ya faɗi. A bakin ƙofar ɗaki ya ciro wayar daga aljihu ya miƙo min yana gyara hula, ya ce, “Ungo riƙe min, kar ki ba yarinyar nan, ta cika latse-latse. Yanzu zan dawo.”