Faifan Da Ya Maƙale a Motata

Mubina, ya habibti, iskar bahar a tsakiyar zafi, ɗanyen dabino, farin wata a saman tsohuwar unguwar Balad,

Nine Zaharadden naki, wanda kaf unguwar Bani Malik ba makanike kamarsa. Rubutuna tafiyar ƙaguwa yakeyi, kiyi haƙuri, hannun da sifana ya saba.

Kin tuna ranar da na kaiku Kornish bakin teku, ke da ƙaninki Nawaf, a motar dana sayo a haraj, kasuwar gwanjo? Faifan da tsohon mai ita ya bari ya tashi da kansa. Maza suka fara waƙa da murya can ƙasa, kaman teku na gurnani a gindin dutse. Mata suka hau kansu, sama, sama, kaman tsuntsaye sun hango jirgin kifi. Sai kowa yayi tsit, muryar mace ɗaya ta rage, siririya kaman zare, kuma taƙi tsinkewa. Kika daina cin gyaɗarki. Ni da ba'a taɓa rufe min baki ba, ranar ya rufu. Nace a raina halas, shikenan, da wannan za'a kawo min amaryata.

To ina laifina? Nawaf ya tambayi wayarsa, tace wai waƙar jana'izar Kirista ce. Ya kai wa khala Bara'atu, 'yar'uwar mamanku da ta raine ku. Yanzu tace wanda ya zaɓa wa amarya waƙar gawa bazai taka gidanta neman aure ba. Ke kuma kin daina ɗaukar wayata.

Na tambayi Bafilifinen garejinmu, da yake shi Kirista ne. Yace roƙo suke a ba mamaci hutu da haske. Addinina na nan daram, sallata bata motsa ba. Amma Mubina, bazan yi ƙarya ince ba daɗi ba. Mutanen nan sun rasa nasu, suka haɗa murya don kar ya tafi shi kaɗai. Tunda kika yi shiru nake kunnawa, kalma ɗaya bana ji, amma wallahi yanzu na gane komai. Wa zai haɗa min murya ni?

Ranar biki a buga abinda khala takeso, ko gwangwani ne zan taka rawa. Alhamis bayan la'asar ina zuwa da kawuna Abdoulaye. In ta rufe ƙofa zan zauna a matakala in fara hira. Kinsan bakina, maƙwabta da kansu zasu roƙeta ta buɗe. Ke dai ki ɗora shayi.

Naki har ranar da za'a ɗauke ni a kafaɗa, ranar ma sai an ɓamɓare ni da ƙarfi,

Zaharadden