Wa Ake Nufi?

Paris, Maris 1778

Yaya Apolline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Kin san Théodule, mijin nan nawa, da gajerun maganganunsa. Duk Talata yana karanta su a falon Madam de Sauvière, ita kuwa ta yi alkawarin sa baki a buga masa littafi. Al'adar gidan, in ya karanta ɗaya sai baƙi su yi ta cankar wa ake nufi. Ya ce, "A Paris ana yafe maka sata, ba a yafe maka tsohuwar riga." Aka nuna wani lauya, har shi ya yi dariya. Ya ce, "Talaka ɗan'uwanka ne har ranar da ya zo cin abinci." Aka yi ta tafi.

Sai ya gyara murya: "Mace tana kukan ɗanta da ido ɗaya, ɗayan yana duba ko baƙin kaya ya karɓe ta."

Yaya, ni kaɗai ce da baƙin kayan makoki a falon. Ko wata biyu ba a yi da binne ɗanmu Lucien ba. Ba wanda ya canka, juyowa kawai suka yi. Wata tsohuwa ta rufe baki da mafici ta ce, "Kai, Malam, ba ka da dama!"

Ban san ko zan iya ci gaba da zama da shi ba.

Ƙanwarki,
Clémence

Dijon, Afrilu

Ƙanwata,

Muna lafiya, Allah Ya ƙara haƙuri. Tir! Na karanta takardarki sai da na tofar da yawu. Tun ranar bikinku na ce mutumin nan ba ya jin magana, tsintar ta yake yi. Ɗan da ya haifa ne fa! Su kuma waɗancan baƙin falon masu barbaɗa hoda a gashi, ba su taɓa binne kowa ba?

Tambaye shi gaba da gaba. In ya ji kunya, da sauran miji. In bai ji ba, ɗakin sama yana nan, na sa an share.

Yayarki,
Apolline

Paris, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambaye shi. Ya ce ranar jana'iza ya ga na tsaya gaban madubi. Na tsaya, Yaya. Mayafi nake ja don kada a ga yadda fuskata ta kumbura. Na gaya masa haka. Ya sunkuyar da kai, har na ɗauka kunya ce. Sai ya ce, "Ayya. Amma ai maganar ta zauna, ba za a taɓa ta ba."

Na faɗa masa abin da ya zo bakina. Jibi zan hau keken doki in taho wurinki.

Clémence

Paris, Mayu

Matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ki gaida yayarki. Gidan ba daɗi tun tafiyarki, miya ma ba ta yin gishiri. Ki dawo, mu manta.

Af, abin nan da kika faɗa mini a bakin ƙofa, kan maza da kaburbura, yaya ma kika ƙarasa shi? Farkon kawai na riƙe. Ya yi daɗi ƙwarai, kuma da sauran wuri a shafin ƙarshe na littafina.

Mijinki har abada,
Théodule